Takardar Iya Haulatu

Al Wukair, Doha
12 ga Oktoba, 2024

Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai gaba da damina. Mu nan lafiya lau. Zafi ya fara sauka, har 'yata Saudatu tana iya fita ƙofar gida ta dawo ba kamar an dafa ta ba. Na ba Rashad wannan takarda, maƙwabcinmu injiniya da zai zo hutu Kano.

Umma ta ce min an sa ranar 'yarka Habiba da Mansur, bayan Sallah Ƙarama. Allah ya sanya alheri. Rabon da in ji ta tana dariya haka a waya tun kafin ciwon sukari ya kama ta. Ka san ita ta riƙe Habiba tun tana wata bakwai, da uwarta ta rasu. Cewa ta yi, "Ni dai Allah ya bar ni in kai yarinyar nan ɗakinta da hannuna, in zaunar da ita a bakin gado. Daga nan ko gobe." Na yi mata faɗa, amma na san har zuciyarta take nufi.

Kawu, wata magana ce ta tsaya min a rai, a kan mahaifiyarku, Iya Haulatu.

Akwai abokiyar aikina a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, Dakta Debora, 'yar Kanada. Bayahudiya ce, ko da yake ba ta yawo da maganar a nan. Ranar Juma'ar makon jiya na gayyace ta cin abinci. Hira ta yi tsawo har rana ta kusa faɗuwa, sai na tashi na yi abin da matan gidanmu ke yi kowace Juma'a: na kunna kyandir biyu, na rufe fuskata da tafukan hannu, na yi wa iyaye addu'a. Da na buɗe ido sai na ga ta ajiye cokali tana kallona. Ta ce wa ya koya min? Na ce Umma, ita kuma ta koya a wurin Iya, wadda kakanmu Alhaji Siddiƙu ya auro a Umdurman ta ƙasar Sudan a hanyarsa ta dawowa daga Makka. Ta ce ko akwai abin da ba ma ci? Na yi dariya na ce a gidanmu ba a zuba man shanu a miyar da ke da nama, har maƙwabta na ce mana marowata. Ita ba ta yi dariyar ba, ta ce duka biyun al'adun Yahudawa ne.

Ka tuna layar fatar nan da ake cewa salsalar shariftar Iya ce a ciki? Umma ta ba ni ita ranar da zan taho Qatar, don tsari. Na ɗauko, na sa reza na farke ɗinkin. Na san ban kyauta ba, amma na yi.

Babu salsala a ciki, Kawu. Takarda ce guda, rubutunta ba Larabci ba ne. Debora ta karanta, ta ce takardar ɗaurin auren Yahudawa ce, na wani Dawud da wata Istir, a Umdurman. A bayanta kuwa akwai layi biyu da Larabci, waɗanda ni ma na iya karantawa: "Liya 'yar Dawud ta musulunta a gabana, da yardarta, ta zaɓi suna Haulatu. Shekara ta 1367 bayan Hijira." A ƙasa an sa hannu, Siddiƙu.

Ashe matar da duk Ƙofar Wambai ke kira Sharifiya, ana kawo mata jarirai ta tofa musu, Bayahudiya aka haife ta. Debora kuma ta ce a wurinsu ni ma tasu ce. Kwana takwas ke nan ina juya maganar, abinci ma ba ya min daɗi. Ban gaya wa Umma ba. Kai ne babba, kai ne mai ilimi, ka gaya min ko kun sani.

Don Allah kada kowa ya ga takardar nan.

'Yarka,
Muhsina

*

Ƙofar Wambai, Kano
20 ga Nuwamba, 2024

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi. Uwarki tana nan, sukarin yana hawa yana sauka. Sauran lafiya kuwa kin ɗauke mana ita.

Shekara talatin da biyu ina koyar da yara rubutun wasiƙa, ban taɓa ganin wanda ya sa gargaɗi a ƙasan takarda ba sai ke, kamar mai rubuta "guba" a gindin kwalba. Rashad ya same ni a majalisa bayan La'asar. Na bar tabarau a gida. Da na ji daga likitarmu ta Qatar ce, sai kaina ya kumbura, na miƙa wa Malam Abass na ce ya karanta wa jama'a su sha labari. Ya karanta gaisuwa, ya karanta maganar biki, aka yi ta sa albarka. Ya kai wurin man shanu aka yi dariya. Daga nan muryarsa ta fara ƙasa, sai ya yi shiru, amma idonsa bai daina tafiya ba har ƙarshe. Ya naɗe ya miƙo min, ya ce, "Malam, wannan ta gida ce." Kin kuwa san matar Abass ƙanwar uwar Mansur ce.

Kwana uku ba a yi ba maganar ta zagaye unguwa. Mai shayi ya san ta, mai wankin hula ya san ta. A wannan lokaci, da kowa ke kallon abin da ake yi wa mutanen Gaza yana kuka, ke kika zaɓi ki rataya mana wannan suna. Dattawan gidan su Mansur sun aiko cewa a ɗan dakata da kawo lefe, za su sake bincike. Kin san ma'anar "a ɗan dakata" a bakin irin waɗannan mutane. Habiba ta daina zuwa wurin aiki.

Kin tambaye ni ko mun sani. Ban sani ba, kuma ban nemi in sani ba. Uwata ta yi sallah a gabana shekara hamsin, ta je Hajji sau biyu, ta mutu da kalmar shahada a bakinta, ni na riƙe hannunta. Abin da mahaifinmu ya ɗinke da hannunsa, wa ya aike ki ki farke? Asali dai na uba ne. Mu 'ya'yan Siddiƙu ne, Siddiƙu ɗan Malam Hambali, magana ta ƙare.

Amma akwai layin da ya hana ni sukuni, na sa tabarau na karanta shi ya fi sau goma: "a wurinsu ni ma tasu ce." Me kike nufi? Kina ci da matar nan, kina kunna wuta tare da ita, tana karanta miki littattafansu. Muhsina, ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allah: janye ki suke yi? Kina sallah kuwa? Mijinki ya sani? In wani abu ya taɓa imaninki, gara in ji daga bakinki kafin in ji a majalisa.

Uwarki ta ji komai, ba daga gare ni ba. Ba ta ce uffan ba. Tana nan tana ta ɗinkin labulen ɗakin amarya kamar ba abin da ya faru, kuma wannan shirun ya fi ba ni tsoro.

Kawunki,
Ɗayyabu Siddiƙu

*

Al Wukair, Doha
6 ga Disamba, 2024

Kawu,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Saudatu ta yi mura da sauyin iska, ta warke. Ni kuwa tun da takardarka ta zo nake jin kunyar kaina. Laifin farke laya nawa ne, na ɗauka. Ka roƙa min Habiba gafara, ta daina ɗaga wayata.

Amma Kawu, ni za ka tambaya ko ina sallah? Ni da ka koya wa Ahalari a zaurenka da bulala a hannu? Na yi kuka da na karanta, sannan na yi fushi. Musulma nake, Musulma zan mutu in sha Allahu. Babu wanda ke jan kowa. Debora ta ce su ba sa ma kiran mutane zuwa addininsu, wanda ya zo da kansa ma sai ya sha wuya kafin a karɓe shi. Kuma ita ba gwamnati ba ce, ba soja ba ce. Mace ce mai duba jini a madubin gwaji, kamar ni.

Ga abin da layin nan yake nufi. Mu muna bin asali ta wajen uba. Su kuwa, a dokar malamansu, ta wajen uwa suke bi. Duk wanda Bayahudiya ta haifa, mace ko namiji, nasu ne, kuma da yawa daga malaman suna ganin ko ya bar addinin wannan bai goge ba. Daga nan 'ya mace ce ke miƙa wa 'ya'yanta, ɗa namiji ba ya miƙawa. Wato Iya ta ba ku, kai da Umma. Umma ta ba ni, ni na ba Saudatu. Kai kuwa a kanka ya tsaya. Lissafinsu ke nan, ba nawa ba, kuma ba ya hana ni alwala.

Bari in ba ka labarin Debora, ko za ka daina ganinta kamar dodo. Ita ba a haife ta Bayahudiya ba. Shiga ta yi, shekara ashirin da shida da suka wuce. Ta yi karatu shekara biyu, ta koyi harshen, shi ya sa ta iya karanta takardar Iya. Danginta suka yi fushi da ita. Bara ɗanta ya nemi auren wata 'yar gidan masu tsanani, sai malamansu suka ce ba su yarda da majalisar da ta shigar da uwarsa ba, saboda haka shi ma sai ya shiga sabo. Yaron ya ce shi da aka haifa a ciki ba zai roƙi shiga ba. Auren ya watse. Muna zaune a bakin ruwa a Al Wakrah, kusa da jiragen masunta, ta ce min, "Ke da ba ki nema ba an ba ki kyauta. Ni na ba da rabin rayuwata, an hana ɗana." Sai na tuna yadda mu ma muke cewa "tubabbe" muna taɓe baki, ko da mutum ya fi mu tsayuwar dare.

Ka ce asali na uba ne. To, Kawu, da ana ce wa Iya Sharifiya, me ya sa ba ka taɓa cewa haka ba? Ina ji da kunnena kana gaya wa baƙi cewa muna da jinin Manzo ta wajen uwa. Lokacin jinin uwa yana da daraja. Yanzu da ya sauya suna ne ya zama ba komai?

Ka je wurin dattawan nan ka gaya musu abin da ka gaya min: mace ce da ta zaɓi Musulunci da kanta, ta bar uwa da uba da gari saboda shi. In wannan abin kunya ne, to ban san me ake karantarwa a gidan malaman ba. Abu ɗaya nake roƙo, ko me za a yi, kada a taɓa Umma. Ka san abin da take jira.

'Yarka,
Muhsina

*

Al Wukair, Doha
9 ga Fabrairu, 2025

Kawu,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya.

Wata biyu ke nan. Rashad ya je ya dawo hannu rabbana, ya ce ka ce "babu saƙo". Na kira ka sau shida. Umma kuwa in na tambaye ta sai ta ce, "Ana nan ana addu'a," ta koma tambayar karatun Saudatu. A wurin aiki jiya na sa wa samfurin jini lambar wani, Allah ya taimake ni Debora ta gani kafin ya fita. Shugabanmu ya ce in na gaji in ɗauki hutu, shi ke nan.

An fasa auren ne? In an fasa, ka gaya min in san girman abin da na yi. In fushi kake da maganar sharifta, na yi rashin kunya, ka yafe. Amma ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Muhsina

*

Ƙofar Wambai, Kano
15 ga Maris, 2025

'Yata Muhsina,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Gwiwa ta hana ni tsayuwar asham, a kan kujera nake yi kamar tsohon gwamna. Uwarki likita ya hana ta azumi, tana ta mita. Habiba lafiya, ta koma aiki.

Ba a fasa ba. An kawo lefe ranar Lahadi, za a ɗaura aure Asabar ta biyu bayan Sallah. Ban rubuto ba ne don ban san yadda zan gaya miki yadda aka yi ba. Har yanzu ban sani ba, amma ga shi.

Sau uku ina zuwa gidan su Mansur. Zuwa na farko na faɗi abin da kika ce, cewa Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi. Babban cikinsu ya ce, "Haka ne, Malam, babu mai musun wannan. Mu ba addininta muke tuhuma ba. Amma ka san jini, kuma ka san bakin mutane. Jikokinmu ne za su fita waje." Zuwa na biyu ma haka. Mansur ya yi iya yinsa, amma yaro ba ya ɗaga murya a wannan zaure.

Zuwa na uku na tafi da takardarki ta Disamba a aljihu. Na ce musu, to, in jini ake tsoro, su masu jinin me suka ce? Na karanta musu wurin da kika rubuta cewa 'ya mace ce ke miƙawa, ɗa namiji ba ya miƙawa. Na ce Habiba 'yar ɗa namiji ce, uwarta Bafulatanar Gaya ce da kowa ya sani. Ko a littafin Yahudawan kansu babu ita a ciki. Suka dubi juna. Suka sa wani ɗansu mai karatu a Jami'a ya bincika, ya dawo ya ce haka ne. Fuskokinsu suka saki nan take. Abin da ayar Allah ba ta yi ba, dokar Yahudu ta yi shi a zaman shayi ɗaya.

Sai dai sun kawo sharaɗi. Tunda abin ta mata yake bi, sun ce matan wannan ɓangare kada su shiga gidansu ranar kai amarya, don kada dangi su sami abin faɗa. Ba su ambaci suna ba, amma mace ɗaya ce ta rage a wannan ɓangare a Kano. Wata 'yar ƙanin mahaifinmu ce za ta kai Habiba.

Na yarda, Muhsina. Kin roƙe ni abu ɗaya, shi ne na bayar. Habiba shekararta talatin da ɗaya, Mansur take so, in wannan ya watse da wannan suna a kanta, wa zai ƙara sallama a ƙofata? Ke kina can, ba ke za ki zauna da ita ba. Na auna rana ɗaya ta uwarki da rayuwar yarinya gaba ɗaya. In kin ce na yi kuskure, ki gaya min me za ki yi da kina wurina.

Ke ma ina ganin ki bar zuwa sai bayan biki. Na aika an gaya wa uwarki.

Kawunki,
Ɗayyabu

*

Al Wukair, Doha
20 ga Afrilu, 2025

Kawu,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah, barka da taro. Muna lafiya. Zafi ya dawo, an koma zaman ɗaki.

Ban zo ba, kamar yadda ka ce. Ka tambaye ni me zan yi da ina wurinka. Na daɗe ina nema, ban samu ba, kuma ba zan yi ƙaryar na samu ba. Wuƙar ma ni na wasa na miƙa maka. Abu ɗaya dai na lura: ka karanta musu layin da ya fitar da Habiba, ka tsallake wanda ke gabansa, mai cewa kai da Umma abu ɗaya Iya ta ba ku. Ranar ɗaurin aure kana sahun gaba da babbar riga ana ba ka hannu. Ban ce da ka ƙi ba. Na dai ce na lura.

Habiba ta kira ni shekaranjiya, karo na farko tun Nuwamba. Ita ta ba ni labari, tana yi tana shessheƙa. Umma ce ta yi mata wanka da turare, ita ta ɗaura mata ɗankwali, ta lulluɓe ta. Ta kama hannunta daga tsakar gida har zaure. Da suka kai bakin ƙofa, motoci na jira, sai ta ɗora hannun Habiba a na matar da za ta kai ta, ta ce, "Ku tafi a hankali, akwai rami a bakin titi." Habiba ta riƙe mata zane ta ƙi saki, sai da Umma ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Labulen da ta ɗinka yana can a rataye, ita ba ta ga ɗakin ba.

Jiya na kira Umma na ce zan nema mata biza ta zo ta zauna da mu. Ta ce a'a, kabarin uwarta yana Kano. Na ce ta yafe min. Ta ce, "Me kika yi? Ai na sani." Kawu, ta sani tun shekara ashirin da shida. Iya ta gaya mata a ciwon ajali, ta ce ranar da ta musulunta uwarta ta yaga riga ta zauna a ƙasa tana makoki kamar an yi mutuwa, kuma Iya ba ta ƙara ganin kowa nata ba. Kyandir ɗin Juma'a ba ibada take yi ba, uwarta take tunawa. Umma ta riƙe wannan ita kaɗai, tana jin ana cewa Sharifiya tana yin shiru, don ta san garin da take zaune.

Ba ta zage ka ba, ba ta zagi surukan ba. Ba ta ma yi maganar kai amarya ba. Muryarta ce dai ta tsufa, kamar an ƙara mata shekara goma. Sai da za mu yi sallama ta ce, "Can sun yi makokinta don ta fita, nan kuma ashe ba ta gama shigowa ba. Ki tambayar min Yaya, tunda shi ya yi karatu, shekara nawa mutum zai yi yana sallah kafin a daina tambayar inda ya fito?"

Na ce me ya sa ba za ta tambaye ka da kanta ba? Ta ce tun ranar da ka aika mata ɗan saƙo ba ka taka gidanta ba.

Ni ba ni da amsar. In kana da ita, kada ka rubuto min. Ƙofarta tana bayan taka, ko da wannan gwiwar za ka iya kaiwa.

'Yar ƙanwarka,
Muhsina